Muryar da Muka Ba Mutumin Zugu

Shekara biyu na yi ina aiki da tallafin mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Har yau in aka tambaye ni ko mutanen kirki ne, sai in ce ƙwarai kuwa, sannan in yi tsaki. Duka biyun daga zuciyata suke fitowa.

Ni malamin firamare ne da ya yi ritaya a Gummi, ban taɓa karanta aikin jarida ba. Haushi ne ya jefa ni ciki. Gidajen rediyon da muke kamawa a nan, in ba na masu mulki ba ne, to na wanda ke neman mulkin ne. A kashe mutane a ƙauye da safe, da yamma ka kunna rediyo ka ji ana yabon wanda ya raba buhunan taki. Ga layin waya yau akwai gobe babu, wani lokacin ma a rufe shi da gangan a ce don tsaro ne. Sai na fara ɗaukar maganar mutane da 'yar wayata ina kai wa masu cajin waya na bakin kasuwa. In mutum ya zo a zuba masa waƙoƙi ko wa'azi a katin wayarsa, sai su haɗa masa da nawa. Haka shirin ya riƙa yawo a aljihun mutane, daga Gummi zuwa Bukkuyum har Anka, mutane suka raɗa masa suna labarin kati.

Abokiyar aikina wata malamar sakandare ce, Kirista 'yar Filato, wadda ta daɗe a garinmu har Hausarta ta koma irin tamu. Kowa Madam yake ce mata. Ita ta iya kwamfuta, ita ke yanke tari da kukan awaki daga cikin abin da na ɗauko. Ita ce kuma ta gano wata gidauniya ta ƙasar waje da ke taimakon ƙananan 'yan jarida a wuraren da hukuma ba ta son a yi magana. Ta cike musu takardu, ni kuwa na ce mata ɓata lokaci take yi, wa zai san da tsohon malami a Gummi? Ashe sun sani. Suka ba mu rikoda mai kyau, da kwamfuta, da farantin sola, da abin zuba wa babur mai. Ba zan ci amanarsu ba, ba su taɓa ce mana mu yabi wani ko mu zagi wani ba.

Amma sai da suka kira mu taron bita a Abuja. Kwana uku a otal, cikin ɗaki mai sanyin da ya sa gwiwoyina suka riƙa ciwo, ana koya mana yadda ake kare wanda ya ba ka labari. Mai kula da mu wata matashiya ce da muke kira Hajiya, mai fara'a, mai saurin magana, wadda ke ce mini Baba tana kuma gyara mini kuskure a gaban mutane cikin ladabi. Ita ta karanta mana ƙa'idojin. Duk wanda ya yi magana a kan jami'an tsaro ko 'yan bindiga, ba a faɗin sunansa, ba a faɗin garinsu, ba a sakin muryarsa yadda take, sai an sauya ta da na'ura. Da an gama, a goge ta asalin. Aka miƙo takarda na sa hannu. Gaskiya ban karanta ta duka ba, hankalina yana kan kada motar Sakkwato ta tafi ta bar ni.

Wata huɗu bayan haka wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidana da hantsi. Dogo ne, baƙi, zai kai shekara hamsin, ƙurar hanya ta rufe masa gira. Ya jingine baburinsa jikin dalbejiya, muka gaisa, na kawo masa ruwa ya shanye ya ajiye kwanon.

"Malam, kai na mai labarin kati?"

Na ce ni ne.

"To daga Zugu nika. Magana ag gare ni, ina so duniya ta ji."

Na ɗauko rikoda na kunna. Sai ya gyara zama, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya faɗi sunansa, da na ubansa, da na kakansa, da unguwar da gidansu yake, da gonar da suke nomawa a bakin fadama. Ya ce in ya yi ƙarya Allah na ganinsa. Haka ake kai ƙara a wajenmu, ko gaban hakimi ko gaban liman. Mutum ya fara ajiye kansa a ƙasa kowa ya gani, sannan ya ajiye maganarsa. Maganar da ba a san mai ita ba, a nan tsegumi ake ce mata, ba wanda zai tashi daga tabarmarsa saboda ita. Na san wannan tun ina yaro, kuma ina zaune ina jinsa ina lissafin inda Madam za ta yanke.

Labarin ƙanensa ne. A lokacin an hana sayar da fetur a jarka, wai don kada ya kai ga 'yan bindiga. Shi kuwa ƙanen yana noman rani, injin ban-ruwansa ba ya shan komai sai fetur. Ya samo rabin jarka ya kai fadama, yana durƙushe yana zuba wa injin, sai ga motar sintiri, wasu da kaki wasu da kayan gida. Suka ce shi ke kai wa 'yan daji mai. Suka jefa shi bayan mota da shi da jarkar, suka bar injin yana aiki har ya mutu don kansa.

"Wata bakwai ke nan, Malam. Munka tai Bukkuyum anka ce mu tai Anka. Munka tai Anka anka ce ba su san zancen ba. Matarshi ba ta san ko takaba za ta shiga ba. Inna kullum tana bakin ƙohwa, duk babur ɗin da yaw wuce sai ta ɗaga kai. Ni ba ni son komi, in dai san shina da rai ko babu. In shina da rai su ba mu shi, in ya mutu su ba mu gawa mu rufe."

Da ya gama na ce masa za mu ɗan gyara muryar kafin mu saka. Kalmar da na yi amfani da ita ke nan, gyara, kuma laifin wannan nawa ne ba na gidauniya ba. Ban yi masa bayani ba, don na san in na yi ba zai yarda ba, ni kuma ina son labarin. Ya ce in yi abin da ya dace, ni ne mai ilimi. Ya hau baburinsa don ya isa gida kafin la'asar, saboda hanyar ba ta biyuwa in rana ta yi sanyi.

Madam ta yanke sunansa da na ubansa da na kakansa, ta yanke Zugu, ta yanke rantsuwar. Sannan muka zo kan murya. Na'urar hanya biyu gare ta, ko ta kumbura murya ta yi ƙasa, ko ta matse ta ta yi sama. Muka gwada ta ƙasa, kalmomin suka cakuɗe ba a jin abin da yake cewa. Muka gwada ta sama, komai ya fito tar, sai dai mutumin nan mai shekara hamsin ya koma yana magana kamar 'yar yaye. Madam ta cire abin kunnenta ta dube ni.

"Malam, haka za mu sake shi?"

Na ce ƙa'ida ce. Ta ce ta san ƙa'ida ce, ita ta fassara mini ita, tambayata take yi ko haka za mu sake shi. Na ce mata ta goge ta asalin kamar yadda aka ce, mu wuce wurin. Ta goge.

Kwana goma sai ga shi ya dawo. Wannan karon bai karɓi ruwa ba, bai ma zauna ba.

"Malam, mi niy yi maka?"

Na fara zancen tsaro da kariya, ya ɗaga mini hannu.

"Wa kab ɓoye ma? Mutum nawa anka kama da jarka bakin hwadama ƙasarmu? Ƙanena ɗai na. Mutum nawa ad da ƙane irin wanga? Ni ɗai na. Tun kalma ta hwari kowa ya gane ni. Wurin mai shayi yanzu in na zaka sai wani ya matse hanci ya gaishe ni."

Abin bai tsaya ga dariya ba. A ƙauyen da 'yan bindiga suka sha shiga, kowa na zargin kowa da kai rahoto, kuma wanda aka sani da ɓoye murya shi ne mai kiran 'yan daji a waya. Wasu suka fara cewa in gaskiya gare shi me ya sa ya ɓuya, ƙila dai ƙanen ya kai wa 'yan daji man. Wani dattijo ya ɗauki katin ya tafi da shi wajen masu motar sintirin don ya roƙa, suka saurara suna dariya, suka tambaye shi wa ke ƙarar, aljani? Suka ce in mai ƙara ya bayyana ya zo. Wanda ya fi ci masa rai kuwa Innarsa ce. An kunna mata, ta saurara har ƙarshe, ta ce wa ya koya masa jin kunyar sunan ubansa.

"Ka maida man muryata, Malam. Ka sa ta yadda niy yi ta, da sunana da na tsohona. Abin da za ya same ni ya same ni."

Na gaya masa mun goge ta. Na ce za mu sake ɗauka, amma sai na nemi izini. Ya tambaye ni izinin wa, tunda muryar tasa ce kuma ƙanen nasa ne. Na ce na wata Hajiya a Abuja. Wallahi da na ji maganar ta fito daga bakina, ni kaina sai da na ji kunya.

Da yamma na hau tudun bayan makaranta inda layi ke ɗan kamawa na kira Hajiya. Na zayyana mata komai, har da mai shayi. Ta saurare ni ba ta katse ni ba, sannan ta ce a'a.

"Baba, ba zan iya ba. Ka sa hannu a kan wannan."

Na ce mata mutumin baligi ne, da hankalinsa, shi ya nema. Na ce ƙa'idar nan an rubuta ta ne don birni, inda mutum zai ɓace cikin jama'a, mu kuwa a nan ko tarin mutum aka ji a bayan danga an san ko ɗan wane ne. Ba mu kare shi ba, mun dai tuɓe masa riga a kasuwa. Raina ya ɓaci har na ce mata waɗanda suka rubuta abin nan ba su taɓa kwana inda ake jin harbi ba.

Ta ce ita ta kwana. Ta ce kafin ta zo wannan aikin ta yi irin nawa a wata jiha, wani mutum ya roƙe ta kamar yadda wannan ke roƙona, ta saki muryarsa, kuma ita ta je gidansu ta'aziyya ta zauna gaban matarsa. Ta ce ba za ta sake zama irin wannan zaman ba saboda ni ko saboda kowa. Amma haushin bai tafi ba, sai ma ya rasa inda zai sauka.

Na ce to a taimaka ta wata hanyar, a ba mu lauya ya nemo ƙanen. Ta ce akwai asusun lauyoyi, amma na 'yan jarida ne da masu fafutukar kare haƙƙi da aka kama saboda maganarsu. Ƙanen manomi ne da aka kama da jarka, bai shiga wannan layin ba. Za ta rubuta wa kwamiti ta roƙa, kwamitin kuma sai bayan wata uku zai zauna. Abin da za ta iya yi nan take shi ne a ɗauke yayan a kai shi Sakkwato ya ɓuya na ɗan lokaci. Na ce mata mutumin da ke neman a ji shi ne za a kai ɓuya? Shinkafarsa ta kusa yanka, ga tsohuwa, ga matar ƙane da 'ya'ya, wa zai bar wa? Ta ce ta sani, Baba, abin da ke hannunta ke nan. Ta ƙara da cewa in na saki muryar da kaina, dole ta kai rahoto, tallafin kuma zai tsaya.

A nan ne nawa halin ya fito. Ina iya ɗaukar tsohuwar wayata in ɗauki maganarsa kamar yadda nake yi kafin in san wata gidauniya. Ban yi ba. Na riƙa gaya wa kaina cewa in aka karɓe kwamfuta da sola, sauran ƙauyukan da ke jiran mu fa? Na riƙa tuna zaman ta'aziyyar Hajiya. A ƙarƙashin wannan duka kuma akwai tsoro na ƙashin kaina, don wanda ya saki murya da suna, shi ma an san gidansa. Matata ta ce tunda na fara cin abincin otal na koyi cewa a dakata. Madam kuwa ta daina yi mini zancen gaba ɗaya, in na shigo sai ta gaishe ni ta ci gaba da danne-dannenta. Mako biyu ina aika wa mutumin Zugu saƙo ta bakin masu babur cewa ya ƙara haƙuri, ana kan magana.

Ranar kasuwar Gummi ya zo ya same ni a rumfar masu caji. Ya tambaye ni izinin ya zo? Na ce tukuna. Ya gyaɗa kai, ya ce to ba komai, Allah ya saka. Na ɗauka gida zai koma.

A kasuwarmu akwai mai maganin gargajiya da ke da lasifika ɗaure a kan baro. Shi ake kai wa cigiya. In akuyarka ta ɓace, ko yaro ya saki hannun uwarsa, ko an tsinci makulli, sai ya dakatar da tallan maganin basir ya sanar. Wani lokaci ya miƙa wa mai cigiyar abin maganar ya faɗa da bakinsa, don shi ya san kamannin abinsa. Ina tsaye ina sayen albasa na ji lasifikar ta yi ƙara, sai na ji muryar da na sani, mai kauri, ba gaggawa a cikinta.

"Salamu alaikum jama'a. Cigiya nika yi."

Ya faɗi sunansa, da na ubansa, da na kakansa. Ya ce daga Zugu yake. Ya ce abin da ya ɓace masa mutum ne, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, dogo, mai tabo a haɓa, sanye da shuɗiyar riga ranar da aka gan shi ƙarshe. Ya faɗi ranar, ya faɗi wurin, ya faɗi launin motar da ta ɗauke shi da abin da aka rubuta a jikinta. Ya ce duk wanda ya gan shi, da rai ko ba rai, ya taimaka ya sanar da tsohuwarsu don Allah, ta daina cin abinci. Ya maimaita sau uku kamar yadda ake yi wa kowace cigiya, ya miƙa wa mai magani abinsa, ya yi masa godiya.

Kasuwa ta yi tsit daga layin masu kifi har zuwa na masu shinkafa. Mai maganin ya tsaya riƙe da abin maganar, fuskarsa ta nuna bai san irin cigiyar da zai ba aron lasifikarsa ba ke nan. Ko'ina ka duba waya ce a sama, matasa da 'yan kasuwa suna ɗauka. Ni kuwa, mai labarin kati, rikodar gidauniya na cikin aljihuna, hannuna na kanta, ban danna ba. Kafin magariba masu caji sun zuba cigiyar a katin duk wanda ya zo, ba su tambaye ni ba, ba su tambayi Abuja ba.

Kwana biyu bayan nan aka je har gona aka ɗauke mutumin Zugu. Wani mai babur ne ya kawo mini labarin ina alwalar azahar. Na bar butar a nan na hau tudun makaranta da gudu irin na tsoho, na kira Hajiya, ban ko gaishe ta ba. Na ce abin da take tsoro ya faru, kuma ba mu muka saki muryar ba, shi ya saki abarsa. Na shirya jin ta ce ai ta faɗa mini. Ba ta ce ba. Ta tambaye ni a gaban mutane ya yi maganar? Akwai wanda ya ɗauka? Na ce duk kasuwa. Ta ce in turo mata yanzu.

"Baba, yanzu ya shiga layin. An kama shi saboda maganarsa. Wannan ba ya jiran kwamiti."

Na zauna a kan dutse. Wata bakwai da wani abu mutum na kulle ba wanda ya san inda yake, bai cancanci lauya ba. Yayansa ya yi abin da aka hana mu taya shi yi, an kama shi, nan take ya cancanta. Na so in yi ihu, na so in yi dariya, sai na ce mata na gode, kuma da gaske nake.

Hajiya ta yi aiki, wannan ba zan rage mata ba. Kwana uku sai ga lauya daga Sakkwato, ɗan siriri mai tabarau, wanda bai san gajiya ba. Ni na riƙa goya shi a babur muna bin ofisoshi. Inda aka ce mana ba a san zancen ba, sai ya kunna cigiyar a wayarsa ya ajiye a kan tebur, ya ce mutanen da suka ji wannan sun fi a ƙirga, kuma wasu na waje ma sun ji suna tambaya. A rana ta tara aka ce mu je wani gida mai doguwar katanga a kan hanyar Anka. Muka jira a rana tun safe har azahar, sannan aka buɗe ƙaramar ƙofa aka turo shi waje, ba hula, ba takalmi, gefen fuskarsa a kumbure.

Na riƙe hannunsa ina ba shi haƙuri, ina cewa laifina ne. Bai ma ji ni ba. Ya damƙe kafaɗata, idanunsa na zubar da ruwa, yana murmushi da leɓen da ya fashe.

"Na gane shi, Malam. Shina ciki. Shina da rai."

Ɗakinsu daban, amma da safe akan fito da mutum biyu-biyu su zubar da bokitin bayan gida, a rana ta huɗu aka haɗa su ɗaukar bokiti ɗaya. Ya ce da farko bai shaida shi ba don ramar da ya yi, sai da ya ga tabon haɓar. Daga ƙofar ɗaki zuwa rami suka yi maganar da za su yi, mai gadi na bayansu.

Lauyan ya juya ya koma ciki da wannan labarin. Ya daɗe, ya fito yana goge tabarau. Sun ce takardar da ya zo da ita ta mutum ɗaya ce, kuma wancan ɗin bincike bai ƙare ba. Ya ce mini a hankali shi ma abin da aka aiko shi yi ya ƙare a nan, amma zai rubuta wa Hajiya, zai kuma yi iya ƙoƙarinsa. Na yarda da shi. Ya rubuta, ita ma ta rubuta, kwamiti ya zauna ya nemi ƙarin bayani, mun aika. Yanzu da nake wannan rubutu ƙanen na can bai fito ba.

Washegari na goya mutumin a baburina na kai shi Zugu, don nasa yana can gona inda aka bar shi. Mun tashi da sassafe, mun bi ayarin masu babur don ba a tafiya ɗai-ɗai. Da muka shiga gari mutane suka fito daga rumfuna suna yi masa barka, har da mutanen wurin mai shayi, ba wanda ya matse hanci. Bai tsaya ba sai ƙofar gidansu.

Innar na zaune a kan tabarma a zaure, 'yar ƙaramar tsohuwa, carbi a hannu. Matar ƙanen na tsaye daga ciki, ta leƙo da goyo a bayanta. Ya durƙusa gaban tsohuwar, ni ma na durƙusa daga gefe na gaishe ta. Ta shafa fuskarsa, yatsunta suka tsaya a kan kumburin.

"Sun buge ka."

"Ba komi, Inna. Na ishe shi. Shina da rai."

Matar da ke ciki ta saki wani irin kuka ta zauna a ƙasa. Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta ce da idonsa ya gan shi, ko gaya masa aka yi? Ya ce da idonsa, har ya taɓa hannunsa. Ta tambaya yana cin abinci? Ya ce ana ba su sau ɗaya. Ta tambaya ya tambaye ta? Ya ce ita ya fara tambaya, ya ce a gaya mata ta ci abinci. Ta yi hamdala sau uku, ta ja carbinta. Sannan ta ɗaga kai ta dubi ƙofar zauren, inda ba kowa sai baburina.

"To kai da kas same shi, mi yas sa kah hito kab baro shi can shi ɗai?"

Sai ya juyo ya dube ni, don ni na kawo lauyan.